Yadda Matasa Za Su Ɗinka wa Marayun Unguwa Kayan Sallah

Tun watan Sha'aban ake fara wannan aiki, domin da zarar azumi ya kai goma, teloli sun cika da ɗinkin kuɗi, yadi kuma yakan yi tsada.

Da farko a tantance yaran da za a ɗinka wa. A tuntuɓi mai unguwa da limami, sannan a nemi dattijuwa ɗaya ko biyu, domin mata sun fi sanin gidan da aka rasa uba, ake kuma ɓoye rashi saboda kunya. Kada adadin ya wuce ƙarfin kekunan da ake da su.

Sai awo, wanda a nan ne aka fi yin sakaci. 'Yan mata su shiga gida su auna 'yan mata, samari su auna maza, a rubuta tsawon riga, kafaɗa, hannu, ƙugu da tsawon wando a littafi guda. A bar inci biyu a naɗe a bakin riga da ƙafar wando, domin yaro girma yake yi, kuma mai yiwuwa ba zai sake samun sabuwar sutura ba sai baɗi.

Bayan awo ake shiga kasuwa. Mutanen Kano da kewaye su nufi Kantin Kwari su saya a kan sari, tare da zare, zif, maɓalli da roba. Turmin atamfa yadi shida ne, yakan ishi ƙananan yara mata biyu har da ɗankwali. A guji sayen zane iri ɗaya ga kowa, ko da ya fi sauƙi, domin ranar Idi anko zai sa duk unguwa ta gane su wa aka yi wa sadaka.

Wajen ɗinki, gwani kaɗai zai riƙe almakashi, tunda yadin da aka yanka ba daidai ba ya tafi ke nan. Masu koyo su ɗauki haɗa gefe, sa maɓalli da guga. Kayan kowane yaro a ɗaure su a leda da sunansa. A tanadi keken ƙafa da dutsen guga na gawayi saboda ɗaukewar wuta.

A kammala kafin 25 ga azumi, don a sami damar gwadawa da gyara. A kai kayan har gida a miƙa wa uwar yaran ko mai riƙonsu, ba tare da taro ko ɗaukar hoto ba.