Yadda ake tunkarar sashen fahimtar rubutu a jarrabawar LSAT

Ɗalibin Maradi da ke son karatun shari'a a Amurka ko Kanada galibi zai gamu da LSAT, wato jarrabawar shiga makarantar koyon shari'a, kuma da Ingilishi ake yin ta, ba Faransancin da ya saba da shi ba. Sashen fahimtar rubutu minti 35 ne, kashi huɗu, kowanne rubutu ne da tambayoyinsa, wato kowane kashi bai kai minti 9 ba.

A kowane kashi, ka ba karatun minti 3 zuwa 4. Kada ka haddace komai. Nemi abin da marubucin yake son tabbatarwa, ka ware ra'ayinsa daga na waɗanda ya ambata. Sau da yawa yakan kawo maganar wani alƙali don ya rushe ta a sakin layi na gaba, mai gaggawa kuwa sai ya ɗauka tasa ce.

Kowace tambaya tana da amsoshi biyar, ka zaɓi ɗaya. Wadda ta ce "kullum" alhali rubutun ya ce "wani lokaci", jefar da ita. Haka wadda gaskiya ce a duniya amma babu ita a shafin, wannan ta fi yaudarar masu ilimi. Ba a rage maki don kuskure, saboda haka kada ka bar tambaya babu amsa.