Yadda Ake Sauya Dabara a Gasar Foka Mai Tukuici

A gasar foka (wani wasan karta na caca) ta yau da kullum, irin wadda WSOP, wato babbar gasar foka ta duniya, ta saba shiryawa a Las Vegas, kuɗin shiga duka wuri ɗaya ake tara su, sannan a raba wa waɗanda suka fi daɗewa a kan teburi, galibi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na mahalarta. Wanda ya fitar da abokin karawarsa ba ya samun komai sai ƙwandalolin wasa da suke gabansa. A gasa mai tukuici kuwa, ana ware wani kaso na kuɗin shiga a ɗora a kan kowane ɗan wasa, duk wanda ya fitar da shi ya karɓa nan take. Wasan dai caca ne, hukuncinsa a addini sananne ne. Abin da ake bayani a nan shi ne lissafin da masu buga shi suke yi.

Abu na farko shi ne sanin irin gasar da aka shiga. Akwai wadda tukuicinta ba ya canzawa daga farko har ƙarshe. Akwai wadda ake kira PKO, inda rabin tukuicin wanda ka fitar yake shiga aljihunka, ɗaya rabin kuma a ƙara shi a kan naka, ta yadda duk wanda ya yawaita fitar da mutane shi ma sai idanu su koma kansa.

Bayan haka sai aikin da ya fi kowanne muhimmanci, wato mayar da tukuici zuwa ƙwandaloli, domin ba a iya auna dala da ƙwandala a kan sikeli ɗaya sai an san nawa ɗayan yake a ɗayan. A ɗauka kuɗin shiga dala 100 ne, ban da ladan masu shirya gasar: dala 50 ta kyautar ƙarshe, dala 50 ta tukuici, kuma kowa ya fara da ƙwandala 10,000. Tunda ƙwandalolin nan su ne makamin neman kyautar da tukuicin gaba ɗaya, 10,000 ɗin daidai suke da dala 100. A tsarin PKO, dala 25 ce za ta shigo hannu idan ka fitar da wanda bai taɓa fitar da kowa ba, wato kwatankwacin ƙwandala 2,500, rubu'in abin da aka fara da shi.

Ga yadda hakan yake sauya hukunci. Wani ɗan wasa ya tura duk abin da ya rage masa, ƙwandala 3,000, akwai kuma 600 na zubin dole, wato abin da ake tilasta zubawa kafin a raba karta, a tsakiya. A gasar yau da kullum za ka biya 3,000 domin neman tuli mai 6,600, saboda haka sai kartarka tana da damar cin kusan kashi 45 cikin ɗari kafin amsawar ta yi riba. Da an ƙara 2,500 na tukuici, tulin ya zama 9,100, abin da ake buƙata kuma ya sauko zuwa kashi 33. Tazarar nan ba ƙarama ba ce. Karta irin 7 da 6 masu fure ɗaya, wadda damarta a gaban A da K kusan kashi 40 ce, a gasar yau da kullum jefar da ita ake yi, a nan kuwa jefar da ita asara ce. Sai dai a duba waɗanda suka rage a baya ba su yi magana ba tukuna, domin su ma sun ga tukuicin, kuma idan ɗayansu ya fi ka ƙwandala, kai ma ka shiga cikin abin farauta.

Wannan lissafin gaba ɗaya yana tsayawa ne a kan sharaɗi guda: dole ƙwandalolinka su kai ko su fi na abokin karawa, in ba haka ba ko ka ci hannun ba ka fitar da shi ba. Shi ya sa masu ƙwarewa suke ƙirga tulin kowa a teburi kafin su kalli kartarsu, kuma suke yarda su shiga haɗarin da ba za su shiga a wata gasa ba tun da wuri, don su zama masu rinjaye a teburin. A ganina wannan ne ma ya sa shiga gasar PKO a makare ba dabara ba ce: kafin ka zauna an riga an kwashe wani kaso na tukuici, kuma yawancin waɗanda za ka tarar sun fi ka tuli.

Mai ƙaramin tuli kuwa sai ya juya tunaninsa. A gasar yau da kullum yakan tura duka da karta mai rauni yana sa ran kowa ya janye ya kwashe zubin dole. A nan ba za a janye masa ba, sau da yawa ma mutum biyu ko uku ne za su amsa. Don haka ya rage burga, ya jira karta mai manyan lambobi wadda za ta iya cin waɗanda suka amsa da tarkace.

Idan gasa ta yi nisa, nauyin tukuici yana raguwa a kan na kyautar ƙarshe. Gab da shiga sahun masu karɓar kuɗi, da kuma a teburin ƙarshe inda kowane mataki yake ƙara kyauta sosai, lissafin ICM, wato hanyar ƙiyasta darajar ƙwandala a kuɗin kyauta, yana zuwa da ƙarfinsa: ƙwandalar da ka rasa ta fi wadda ka ci daraja. Ƙaramin tukuici bai isa a saka tulin da aka daɗe ana tarawa a haɗari ba, amma babba, na wanda ya fitar da mutane da dama, yakan fi tazarar da ke tsakanin matsayi biyu, kuma a PKO zakara yana haɗawa da tukuicin da ke kansa.

Akwai kuma tsarin ɓoyayyen tukuici, inda wanda ya fitar da wani yake zarar ambulan da ba a san nawa ke ciki ba, wanda ya yi suna a WSOP ta 2022, lokacin da Matt Glantz ya zaro ambulan mai dala miliyan 1 a gasar da kuɗin shigarta dala 1,000 ne. A irin wannan ba a fara biyan tukuici sai gasar ta kai wani mataki, galibi rana ta biyu, saboda haka kafin lokacin ana wasa ne kamar gasar yau da kullum. Da zarar an fara, sai a raba jimillar kuɗin da ya rage da yawan ambulan da ba a zara ba, a sami matsakaicin darajar kowace fitarwa, a kuma riƙa duba allon gasar, domin da an zare manyan ambulan ɗin darajar takan faɗi warwas, amsawar da ta dace ɗazu ta daina dacewa.