Shawara kan shigar da dekin a ETABS

Assalamu alaikum, 'yan'uwa injiniyoyi da ke aiki a Legas. Duk wanda zai shigar da dekin na bene a manhajar ETABS, wadda ake lissafin ƙarfin gini da ita, ya fara duba alkiblar da dekin ɗin ke miƙa nauyi kafin ya ba da umarnin lissafi, domin irin dekin mai haƙarƙari da muke yawan zubawa a Lekki da Ikeja hanya ɗaya yake kai nauyi, kuma idan kibiyar da ke nuna wannan alkibla a manhajar ta juya, bim ɗin (ginshiƙin kwance da ke tallafe dekin) da ya kamata ya ɗauki kaya zai fito kamar ba ya ɗauke da komai.

Na taɓa ganin haka a wani aiki mai hawa 4, inda rodin da manhajar ta bayar ya yi kaɗan ƙwarai. A ganina, zaɓin membiren (shigar da dekin a matsayin mai miƙa wa bim nauyi kawai) ya fi zaɓin shel (shigar da shi a matsayin mai jure lanƙwasa) aminci wajen lissafin bim, saboda shel yana ɗauke wani ɓangare na lanƙwasa, sai bim ya zama kamar ya samu sauƙi. Bayan haka, a haɗa nauyin ginin da hannu, kankare a kan kilonutan (ma'aunin nauyi) 24 kowace mita kubik, a gwada da jimillar da manhajar ta nuna ta sauka a tushe.