Yadda Za Ka Gyara Bugun Golf Ɗinka a Tsakar Gida

Tun 1913 ake buga golf a filin Rayfield da ke Jos, ga na Lamingo kuma, amma yawancin masu wasa sai ƙarshen mako suke samun zuwa. Hannu kuwa ba ya sabawa da bugun mako-mako. Minti 20 kullum a gida sun wadatar, muddin ka tanadi abin da zai riƙa tona maka kuskurenka, tunda a gida ba ka ganin inda ƙwallo za ta sauka.

Fara da wuri. Sandar ƙarfe mai lamba 7, ɗaya daga cikin matsakaitan sandunan golf, tsawonta kusan santimita 94 ne, doguwar da ake kira direba kuma tana kai 114, saboda haka falo mai fanka a silin bai dace ba. Fita tsakar gida, ka tabbatar babu yaro ko gilashin mota kusa. Yi amfani da ƙwallon soso. Ta gaske sai an kafa raga.

Bayanin nan na mai buga da hannun dama ne, bahago sai ya juya shi. Riƙe sanda da yatsun hannun hagu, ba da tsakiyar tafi ba, ta yadda idan ka duba ƙasa za ka ga gaɓoɓi biyu ko uku na bayan hannun. Tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta nufi kafaɗar dama. Kada ka damƙe ta da ƙarfi, wuyan hannu zai sandare. Buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗu, ka sunkuya daga ƙugu, ba daga baya ba.

Babban aikin gida shi ne inda sanda ke taɓa ƙasa. Da sandunan ƙarfe, ƙwallo ake fara duka, sannan ƙasar da ke gabanta. Tabarmar roba da aka shimfiɗa kan siminti tana ruɗin mutum a nan: ko ka daki bayan ƙwallo, kan sandar zai zame ya same ta, ka ɗauka bugu ya yi kyau, sai ka je kan ciyawa ka ga ƙwallo ta gangara taku goma. Maganinsa, shimfiɗa ƙaramin tawul a bayan ƙwallon, ka bar tazara kamar faɗin tafin hannu tsakaninsu. Idan sanda ta kwashe shi, nauyinka ne ya maƙale a ƙafar dama. Mayar da nauyin ƙafar hagu kafin hannu ya fara saukowa, har ka ƙare bugu cibiyarka na kallon inda ka nufa, dunduniyar dama a sama. Sa tsohon kafet a ƙarƙashin tabarmar, in ba haka ba gwiwar hannu ce za ta ji jiki.

Barbaɗa hoda ko ka goga alli a fuskar sanda. Tabon da ƙwallo ta bari zai nuna ko tsakiya ka samu, ko baki (ƙarshen kan sandar), ko gindi (inda kan ya haɗu da jikin sandar). Tabo a gindi sau da yawa daga ƙugu yake, yana matsowa wajen ƙwallo lokacin saukowa. Ajiye sanda, ka jingina mazauninka da bango, ka harɗe hannuwa a ƙirji, ka juya dama ka juya hagu ba tare da ka rabu da bangon ba. Kafaɗa ta juya kusan digiri 90, ƙugu kusan rabin haka.

Ƙwallon da ke lanƙwasawa dama, ciwon kusan kowane sabon ɗan wasa, dalilinta fuskar sanda a buɗe take, kan sandar kuma ya yanko daga waje zuwa ciki. Ajiye gorar ruwa ta roba wadda babu komai a cikinta a can gefen ƙwallo, ɗan baya kaɗan. Mai yankowa daga waje sai ya kaɗar da ita.

Ɗauki bidiyon kanka da waya, irin mai nuna motsi a hankali-hankali, ka kafa ta daidai tsayin hannuwanka, sau ɗaya daga bayanka a kan layin bugu, sau ɗaya daga gaba. Waya a ƙasa ko a saman kai tana karkatar da abin da ido ke gani. Ƙirga ɗaya, biyu, uku wajen ɗagawa, ɗaya wajen saukewa. Gyara abu guda a zama guda, bugu 30 zuwa 40, rabinsu da rabin ƙarfi.

Da sanyin hunturu na Jos, kada ka ɗaga sanda sai ka motsa jiki na minti biyar, ka kuma wanke robar riƙo da ruwan sabulu domin ƙura tana sa ta santsi. Nisan bugu kuwa a fili ake auna shi. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iska ba ta da kauri, ƙwallo ta fi tafiya, don haka idan za ka buga a filin IBB na Abuja ka rage kaɗan daga lissafinka.