Hitar gilashin baya: ɓarnar da ake yi wajen gyaranta

Duk damina sai an kawo min irin motocin nan, musamman watan Agusta da Jos ke kwana ta wuni cikin ruwa, gilashin baya ya yi gumi, direba ya danna maɓallin hitar da ke ɗumama gilashin ta busar da gumin, shiru kake ji. Kuma kusan duk wadda ta shigo garejinmu a Farin Gada sai ka tarar wani ya riga ya taɓa ta ya ƙara mata ciwo. Na gaji da maimaita magana ɗaya wa yara masu koyon rewaya, bari in rubuta kowa ya gani.

Layukan nan da kake gani a gilashin ba waya ba ne, fenti ne mai azurfa da aka gasa a jikin gilashin ta ciki. A gefe da gefe akwai faffaɗan layi, a kansa aka liƙa wani ɗan kunnen ƙarfe inda soket ke shiga. Kunnen nan shi ke ɓallewa, yawanci a su Sharon da Golf da ake danna wa buhunan dankali har bakin gilashi.

To abu na farko da ke ƙona min rai shi ne sufa gulu. Dan Allah wa ya ce muku sufa gulu na ɗaukar wuta? Yaro zai liƙa kunnen ya zauna daram, ya karɓi kuɗi, mai mota ya kama hanya sai ya kai Hawan Kibo cikin hazo ya gane an yi masa aikin banza. Wurin nan wuta mai nauyi ke bi, amfiya 10 zuwa 20, gam na yau da kullum toshe ta yake yi. Mafi muni ma in na zo kankare gam ɗin sai ya taho da azurfar da ke ƙasa, wurin liƙawar ya ragu. Akwai gam na musamman mai azurfa a ciki, kala biyu ake haɗawa, Permatex na yin sa, in ba ka samu a kasuwar Dilimi ba ka sa a duba maka a Apo ta Abuja ko ka yi oda ta intanet. Ni yadda nake yi, in zare soket daga kunnen tukuna, in goge wurin da sifirit, in liƙa, in danne da salatif, sannan ba mai taɓa maɓallin nan sai bayan awa 24. Lokacin sanyi har ƙari nake yi, don gam ɗin ba ya saurin kamawa a sanyin garin nan. Mai mota zai yi ta ƙorafi, ya yi.

Na biyu shi ne zafi, kuma wannan ya ci min kuɗi. Gilashin baya ba irin na gaba ba ne da zai tsage ya tsaya, shi in zafi ya taru masa waje ɗaya tarwatsewa yake yi kamar tsakuwa. Wata safiya cikin hunturu na fita sayen kaya, yarona ya ga kunne a ɓalle ya ɗauko ƙarfen narka dalma ya dasa a gilashi mai sanyi ƙalau yana jira wai ta narke da kyau. Kafin in dawo kujerar baya ta cika da ɓaraguzai, yana tsaye yana ce min Oga wallahi da kansa ya fashe. Ni na sayi gilashi, ni na biya mai sawa, ga kunyar Alhajin da ya yarda da ni. Ba wai dalma ba ta yi ba ne, tana yi, wasu ma sun fi yarda da ita kan gam. Amma sai ka fara shafa dalmar a jikin kunnen can gefe, ka bar mota ta sha rana, sannan taɓawa ɗaya ta daƙiƙa kaɗan ka ɗaga hannu. In hannunka bai saba ba ka rabu da ita kawai.

Sauran ƙananan kuma, ka duba fis da rile (ɗan makunnin da ke sakar wa hitar wuta) kafin ka zargi gilashi. In hita ta kashe kanta bayan minti 10 ko 15 ba lalacewa ba ce, haka aka yi ta. Kar ka ja waya kai tsaye daga batir, zai kwana yana zuƙewa. Masu ɓare tinti da sitika da reza ku ji tsoron Allah, layukan kuke yankewa.

In layi ɗaya ne ko biyu ba sa ɗumi, matsalar ba a kunne take ba. Kunna hita ka ɗora mitar auna wuta a tsakiyar layin, lafiyayye zai nuna wajen volt 6, in ka ga 12 ko sifili to ya yanke, sai ka bi shi a hankali har inda lambar ta sauya, ka sa salatif sama da ƙasa ka shafa fentin azurfa. Ni nakan naɗe bakin mitar da 'yar takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari don kar ya karce. Kuma a wasu motocin layukan can sama eriyar rediyo ce, dama ba sa zafi, kar ka ɓata fentinka a kansu.