Yadda Ake Amfani Da Tirikodama Wajen Kare Citta Daga Ruɓewa

Tun annobar 2023, wadda ta cinye gonakin citta a Kachia da Kagarko da Jaba, manoma ke neman abin da zai tsare musu iri. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke taimakawa shi ne Tirikodama, wata koriyar fumfuna da ke zama a jikin saiwa, tana cinye mugayen fumfunar da ke ruɓar da citta, tana kuma hana su wurin zama. Ana sayar da ita a matsayin gari cikin leda. Rigakafi ce, don haka tun kafin shuka ake fara aiki da ita.

Da farko duba kwanan watan da ke jikin ledar. Abu ne mai rai, in ya daɗe ko ya sha rana a bakin shago, ƙura kawai ka saya.

Sai kiwonta a cikin taki, kuma a nan ne sababbin shiga ke faɗuwa. Samu takin shanu da ya ruɓe sarai, wanda ya yi baƙi ya daina ɗumi. Ɗanyen taki zafinsa kashe ta yake yi. Zuba kilo 1 na garin a kan kilo 100 na taki, ka cakuɗa a inuwa, ka yayyafa ruwa. Damƙi takin a hannunka: ya dunƙule amma kada ruwa ya ɗigo. Rufe da buhun algarara, ban yarda da leda ba, domin tana buƙatar iska. Riƙa juyawa bayan 'yan kwanaki. Cikin kwana 10 zuwa 15 za ka ga fari-fari ya bi takin, daga baya ya koma kore. In ba ka ga koren nan ba, kada ka ɓata ƙarfinka wajen kai shi gona. Wannan kiwon ne ma ke rage tsada, tunda leda ɗaya sai ta wadaci fili mai yawa.

Iri kuwa, karya kaɗan ka duba cikinsa, duk mai laushi ko baƙi-baƙi ka jefar. Dama giram 10 na garin a kowace lita ta ruwa, ka jiƙa irin minti 30, ya sha iska a inuwa. Na sha ganin mutum ya tsoma iri a mankozeb, wani maganin fumfuna, sannan ya barbaɗa Tirikodama, wai don ƙarfi ya ninku. Magungunan fumfuna da yawa ba su san ta kirki da muguwa ba, suna iya raunana Tirikodama ko su kashe ta. Ko bokitin da aka taɓa dama magani a ciki kada ka yi amfani da shi.

Da ruwa ya zauna, wajen Afrilu zuwa Mayu, ka yi kunya mai tudu, ka sa takin a rami, ka shuka, ka rufe da ciyawa. Fitar wa ruwa hanya, kwanciyarsa ce ke yaɗa cutar. Tsiron da ganyensa na ƙasa ya yi rawaya, gindinsa ya jiƙe yana tugewa da sauƙi, cire shi har da ƙasar gindinsa ka kai nesa. Filin da cutar ta ci, a hutar da shi daga citta aƙalla shekara 3, a sa masara ko dawa.