Yadda Ake Tantance Halaccin Rataya Alamar Addini a Ajin Makarantar Gwamnati a Amurka

Da farko a gano wanda ya rataya abin. Idan ɗaliba ce ta sa hijabi ko sarƙar gicciye, Gyara na Farko na kundin tsarin mulkin Amurka yana kare ta. Idan kuwa malami ne ko hukumar makaranta suka rataya abin a bangon aji, galibi maganar gwamnati ce, kuma gyaran ya hana gwamnati ɗaukaka wani addini.

Daga nan a duba manufa. A shari'ar Stone v. Graham ta 1980, Kotun Ƙoli ta soke dokar jihar Kentucky da ta tilasta liƙa Dokoki Goma na Baibul a kowane aji, duk da an sayi allunan da kuɗin gudummawa kuma an rubuta ɗan bayani a ƙasansu cewa su ne tushen dokoki. Nan makarantu ke yawan tuntuɓe: guntun bayani ba ya rufe manufar addini. Yara ba su da zaɓin fita aji, shi ya sa kotuna suka fi tsanantawa kan abin da ya shafe su.

Abin da ya fi tsira a kotu shi ne nassin da aka saka cikin darasin tarihi ko adabi, na ɗan lokaci, tare da wasu takardu.

A kula, hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Kennedy v. Bremerton ta 2022 ya mayar da ma'aunin tantance halacci kan tarihi da al'ada, don haka a tuntuɓi lauyan gundumar makaranta kafin a buga ƙusa.